Alex Lacamoire: Mai matsalar ji da ya tsara kiɗan 'Hamilton'

Ranar 12 ga watan Mayun 2009, wani matashi mai suna Lin-Manuel Miranda ya hau dandali a fadar White House, a gaban Shugaba Barack Obama da mai ɗakinsa Michelle. Taro ne na waƙoƙi da kiɗa, kuma an gayyace shi da tsammanin zai rera ɗaya daga cikin waƙoƙin wasansa da ya riga ya yi suna. Sai ya ce yana da sabuwa, ta gambarar zamani, a kan Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 10.

Mutane suka fashe da dariya. Kafin ya kai ƙarshen waƙar dariyar ta koma tafi, har shugaban ƙasa ya miƙe tsaye.

Bidiyon na nan a YouTube. Wanda ya kalla da kyau zai ga wani mutum a gefe, zaune gaban fiyano. Babu ganga a wurin, babu jita, duk kiɗan da ya ɗauki waƙar daga yatsunsa yake fitowa. Sunansa Alex Lacamoire, kuma shekara shida bayan wannan dare, lokacin da waƙar ta zama buɗin wasan "Hamilton", shi ne ya rubuta abin da kowane makaɗi zai buga daga farkon wasan zuwa ƙarshensa.

Abin da ya fi ɗaure kai a labarinsa shi ne tun yana yaro yake da matsalar ji, kuma da na'urar ƙara ji a kunne yake wannan aiki.

Wace irin sana'a ce wannan?

Broadway unguwa ce a tsakiyar birnin New York mai manyan gidajen wasa 41, kowanne na ɗaukar aƙalla mutum 500. Abin da ya fi kawo musu kuɗi shi ne wasan kwaikwayo na dandali wanda ake ba da labarinsa da waƙa da rawa, 'yan wasa na rerawa kai tsaye, makaɗa na bugawa kai tsaye, sau takwas a mako. Wasu masu karatu za su tuna da "Fela!", wasan da aka gina kan rayuwar Fela Kuti, wanda aka buɗe a Broadway a 2009 aka kuma kawo shi Legas a 2011. To, irin wannan wasa ake nufi.

A jikin allon talla sunan marubucin waƙa ake gani da manyan baƙaƙe. Amma abin da marubucin ke kawowa sau da yawa ɗanye ne: baitoci, karin waƙa, da ɗan kiɗan fiyano ko wanda ya haɗa a kwamfutarsa. Tsakanin wannan da abin da ɗan kallo ke ji a zaure akwai ayyuka uku.

Na farko shi ne tsara waƙar. Ta ina za ta fara? Ina za ta ɗaga, ina za ta lafa? A ina 'yan amshi za su shigo, kuma murya nawa za a raba su? Idan maƙogwaron jarumar bai kai inda marubuci ya ajiye waƙar ba, a sauke ta zuwa ina? Idan mai tsara rawa ya ce yana buƙatar ƙarin daƙiƙa 40 domin 'yan rawa su zagaya dandali, mai tsara kiɗa ne zai ƙirƙiro kiɗan waɗannan daƙiƙoƙi, ya sa su yi kama da asalin waƙar.

Na biyu shi ne rarraba kiɗan ga kayan kiɗa. A nan mutum zai zauna ya rubuta wa mai goge nasa, mai ganga nasa, mai jita nasa, shafi bayan shafi, ta yadda kowa zai buɗe littafinsa ya buga ba tare da ya taka wani ba.

Na uku shi ne aikin daraktan kiɗa. Yana cikin masu zaɓen 'yan wasa, shi ke koya musu waƙoƙin, shi ke horar da makaɗa, sannan duk dare ya shiga ramin da ke gaban dandali ko ƙarƙashinsa ya ja ragamar kiɗan.

A yawancin wasanni mutane daban-daban ke riƙe waɗannan ayyuka. A "Hamilton" Lacamoire ne ya rarraba kiɗan shi kaɗai, shi ne daraktan kiɗa, sannan shi da Miranda suka tsara waƙoƙin tare.

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa a Kano ya san ɗan'uwan wannan mutum. Mawaƙi ya zo da baiti da kari, mai kiɗa ya zauna gaban fiyano ya gina masa komai, waƙa ta fita, sunan mawaƙi kaɗai ke yawo a wayoyi. Bambancin shi ne na situdiyo sau ɗaya yake yi a naɗa a wuce wurin. Na Broadway kullum sai ya sake, a gaban mutum fiye da dubu da suka biya kuɗin tikiti.

Daga Miami zuwa New York

An haifi Lacamoire ranar 24 ga Mayun 1975 a Los Angeles, iyayensa 'yan asalin ƙasar Kyuba ne. Ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara 4. Yana da shekara 9 iyalin suka koma Miami, birnin da ya fi ko'ina tara 'yan Kyuba a Amurka. A can ya yi makarantar sakandare ta masu fasaha, New World School of the Arts, daga nan ya wuce kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, ya kammala a 1995, da maki mafi yawa a ajinsu.

Tarbiyyar kunnensa ta haɗa abubuwan da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Ya koyi kiɗan gargajiyar Turai wanda ake bi daga rubutu, ya taso cikin kiɗan Latin a gida da unguwa, ya so kiɗan rediyo na zamaninsa, sannan Berklee ta ƙara masa jazz da ilimin tsara kiɗa. Daga baya duk sai da ya ci amfaninsu.

Batun kunnen kuwa, bai ɓoye shi ba, ya sha yin magana a kai a hirarraki. Na'urar ƙara ji tana taimako, amma ba ta mayar wa mutum da kunne sabo. An fi ƙera ta domin a ji magana, kiɗa kuma yana da faɗi da zurfin da ya wuce magana nesa ba kusa ba. Ga shi aikinsa na rarrabe ƙananan abubuwa ne: wace murya ce ta ɗan kauce cikin mutum 20 masu amshi, wane goge ne ya shigo da wuri. Mai irin wannan lalura dole ya saurara da dukkan hankalinsa, ya kuma riƙe kiɗan a ka tun kafin a buga shi. A ganina wannan na daga cikin dalilan da suka sa aikinsa ya fita da tsafta, don mutumin da ji ke yi wa tsada ba ya cika kiɗa da tarkace.

Hanyarsa ta shiga Broadway ta ƙasa ta faro. A Boston an ɗauke shi ya riƙa buga wa masu neman shiga wasan "The Lion King" fiyano a ranar gwaji. Aiki ne mai wuyar gaske da ba a yaba wa mai yin sa: kowane mai gwaji zai miƙo takardar waƙarsa, wadda wataƙila mai fiyano bai taɓa gani ba, ya buga ta nan take, ya kuma bi mawaƙin duk inda tsoro ya kai shi. Iya wannan aiki ne ya buɗe masa ƙofar New York.

A 2001 ya zama daraktan kiɗan wani ƙaramin wasa mai suna "Bat Boy". A 2003 sunansa ya fito a "Wicked", na Stephen Schwartz, wasan da har yau ake yi a Broadway. Jerin sunayen masu kiɗan "Wicked" ya isa ya nuna yadda ake raba aikin: Schwartz ya rubuta waƙoƙi, Lacamoire da Stephen Oremus suka tsara su, William David Brohn ya rarraba wa kayan kiɗa, wani daban kuma ya yi kiɗan rawa. Daga baya Lacamoire ya riƙe daraktan kiɗan wasan.

Haɗuwarsa da Miranda

A farkon shekarun 2000 Miranda da abokinsa darakta Thomas Kail suna ta gyaran wani wasa da Miranda ya fara rubutawa tun yana jami'a. Sunansa "In the Heights", labarin mazauna Washington Heights, unguwar 'yan asalin Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico da Kyuba a arewacin Manhattan. Suna buƙatar wanda ya san salsa da merengue a jininsa, ya fahimci gambarar zamani, sannan ya iya rubuta su a takarda yadda makaɗan Broadway za su karanta. Masu wannan haɗi ba su da yawa a lokacin.

An buɗe wasan a Broadway a watan Maris na 2008. Ya ci kyautar Tony huɗu, wadda ita ce babbar kyautar wasannin dandali a Amurka, ciki har da ta gwarzon wasa. Lacamoire da Bill Sherman suka raba kyautar rarraba kiɗa. Faifan waƙoƙin kuma ya ci Grammy.

A nan ne aka ƙulla ƙungiyar mutum huɗu da ta zo ta yi "Hamilton": Miranda a rubutu, Kail a bayar da umarni, Andy Blankenbuehler a rawa, Lacamoire a kiɗa.

Mutum goma a rami

Miranda ya samo labarin ne daga littafin tarihin da Ron Chernow ya wallafa a 2004: maraya daga tsibirin Nevis a yankin Karebiyan, ya zo New York, ya zama na hannun daman George Washington, ya kafa tsarin kuɗin sabuwar ƙasa, sannan mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ya harbe shi a fito-na-fito a 1804. An fara nuna wasan a gidan wasa na Public Theater a farkon 2015, ya koma Broadway ranar 6 ga Agustan shekarar.

Matsalar da ke gaban mai kiɗa a bayyane take. Wasan na da waƙoƙi 46 a faifansa, kusan babu maganar baka, kuma kalmomin da ake furtawa sun haura 20,000 cikin ƙasa da awa uku. Idan kiɗa ya yi yawa kalmomi za su nutse, labari ya ɓace. Idan ya yi kaɗan, wasan ya zama karatun tarihi. Kuma gambarar zamani a situdiyo aka haife ta, da na'urori da guntayen sautin da ake maimaitawa, alhali a nan mutane ne za su buga da hannu.

Makaɗa goma aka ba shi: masu fiyanon lantarki biyu, mai ganguna, mai sauran kayan bugawa, mai jita, mai babbar jita mai kaurin murya, da masu goge huɗu, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba. Babu abin busa ko ɗaya. Wanda ya san "In the Heights" zai ga girman wannan shawara, don can ƙahonni ne ke tashe.

Dabarar ita ce raba ramin gida biyu. Ganguna da jita da fiyanon lantarki suna riƙe da zamanin yau. Gogen nan huɗu kuwa tsari ne da aka san shi tun ƙarni na 18, zamanin Haydn da Mozart, wato zamanin da shi kansa Hamilton ya rayu. Ɗan kallo ba sai an gaya masa ba, kunnensa na jin ƙarni biyu a lokaci guda.

Akwai ƙananan shawarwari da yawa da ke nuna hannun mai tsarawa. Idan wani mai goyon bayan sarautar Ingila ya fito yana wa'azi, kiɗan sai ya koma irin na tsohon fiyanon Turai mai ƙarar waya, ka ji tsohon yayi kafin mutumin ya gama jimlarsa. Idan Sarki George na Uku ya fito, kiɗan ya koma irin na The Beatles na shekarun 1960, wato Ingila ce ke magana da muryar da duniya ta fi sanin ta da ita. A waƙar "Satisfied", inda yayar amarya ke tuna daren da ta haɗa ƙanwarta da Hamilton, ana juya sauti baya kamar an mayar da kaset, sannan a sake jin abin da aka ji a waƙar da ta gabata ta wata fuska. A ƙarshen kashi na farko kuma, a "Non-Stop", karin waƙoƙin jarumai da yawa ne ke hawa kan juna, kowanne a ji shi daban.

Wadda aka fi ambato ita ce banjo a waƙar "The Room Where It Happens", inda Burr ke cizon yatsa kan cinikin siyasar da aka yi a bayan idonsa. Babu wanda zai yi tsammanin banjo a wasan gambara, amma Lacamoire ya saka ta, ta kuma zauna daram. Ga mai karatun Hausa akwai abin lura a nan: banjo ta samo asali ne daga kayan kiɗan ƙwarya da fata da tsirkiya da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka sake ƙerawa a Karebiyan da Amurka. Dangin gurmi ce ta nesa. A wasan da baƙaƙen fata da 'yan Latin ke fitowa a matsayin Washington da Jefferson, waɗanda dukansu sun mallaki bayi, wannan ƙara na ɗauke da nata tarihin.

Yadda dare ɗaya ke tafiya

A watannin farko shi da kansa yake shiga rami. Daraktan kiɗa a irin wannan wasa ba ya tsayawa da sanda kamar na manyan ƙungiyoyin kiɗa. Yana zaune yana buga fiyano, yana ba da umarni da kai ko da hannu ɗaya idan ya samu sarari. Kyamara na kallonsa, hotonsa na fitowa a ƙananan allunan da aka rataye inda 'yan wasa za su gani ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Makaɗa na sanye da abin ji a kunne. A wasu waƙoƙin akwai ƙaramin bugu da kwamfuta ke aika musu domin saurin kiɗa ya dace da sautukan da aka riga aka naɗa da kuma fitilu.

A wuraren da babu wannan bugu, numfashin mawaƙi ake bi. Jarumar da kuka ya shaƙe ta yau za ta ja baiti fiye da jiya. Wanda ya shigo a madadin jarumin da ba shi da lafiya yana da nasa saurin. Idan tafi ya yi tsawo a jira, idan wani ya manta baiti a rufa masa asiri ta yadda ba wanda zai gane. Duk wannan na kan mutum ɗaya da yawancin 'yan kallo ba sa ganin ko ƙeyarsa.

Da wasan ya bazu zuwa Chicago a 2016, Landan a 2017, Sydney a 2021 da Hamburg a 2022, inda aka yi shi da Jamusanci, Lacamoire ya bar ramin ga wasu ya koma mai sa ido kan kiɗan dukkan rukunonin. Wannan wani aiki ne daban: tabbatar da cewa abin da ake ji a Ostireliya shi ne abin da aka tsara a New York, alhali kowane mawaƙi da irin muryarsa.

"Hamilton" ya samu guraben takarar Tony 16, adadin da ba a taɓa samu ba kafin lokacin, ya ci 11, ɗaya ta Lacamoire ce. Kamfanin Disney ya biya dala miliyan 75 ya sayi fim ɗin wasan, ya sake shi ranar 3 ga Yulin 2020.

Shekara guda bayan Tony ta "Hamilton" ya sake cin wata da "Dear Evan Hansen", na Benj Pasek da Justin Paul, labarin wani ɗan sakandare mai fama da kaɗaici wanda ƙarya ta kai shi inda bai zata ba. A nan makaɗa takwas ne kawai, kiɗan kuma a hankali yake tafiya, jita da fiyano da goge. Wanda ya saurari faifan biyu a jere da wuya ya ce hannu ɗaya ne, kuma a wannan sana'a yabo ne babba. Ya kuma jagoranci kiɗan fim ɗin "The Greatest Showman" na 2017, wanda ya kawo masa Grammy ta huɗu, ya ci Emmy a 2019 da shirin talabijin na "Fosse/Verdon". A Disambar 2018 cibiyar Kennedy ta karrama mutum huɗun da suka yi "Hamilton" tare, da shi a ciki.

Sana'ar da aka daɗe ana mantawa da ita

Wannan jerin kyaututtuka na iya ruɗar mutum ya ɗauka haka ake yi wa kowa. Tarihin sana'ar ya nuna akasin haka.

Robert Russell Bennett, wanda ya rasu a 1981, ya rarraba kiɗan wasanni kusan 300, ciki har da "Oklahoma!" da "My Fair Lady" da "The Sound of Music". Duniya ta san Rodgers da Hammerstein, kaɗan ne suka san Bennett. An fara ba da Tony a 1947, amma sai a 1997 aka ware rukunin rarraba kiɗa, shekara 50 cif. Wanda ya fara ci shi ne Jonathan Tunick, mutumin da ya daɗe yana yi wa Stephen Sondheim wannan aiki. Daraktan kiɗa kuwa an taɓa ba shi nasa rukunin, aka soke bayan 1964, har yau ba a dawo da shi ba. Wato duk Tony ukun da Lacamoire ke da su na rarraba kiɗa ne. Na horar da mawaƙa da riƙe wasa kowane dare babu kyautar da zai nema.

Ta fuskar kuɗi ma akwai tazara. Haƙƙin mallakar waƙa na marubucinta ne, duk inda aka rera ta zai samu rabonsa. Mai rarraba kiɗa bisa al'ada da yawan shafukan da ya rubuta ake lissafa masa, bisa farashin da ƙungiyar makaɗa ta tsayar, sai abin da ya iya cirewa a yarjejeniyarsa. Mai tambaya zai iya cewa: idan banjon nan ce ta sa waƙar ta zauna a kunnen mutane, wa ya rubuta waƙar? Doka ta riga ta ba da amsarta, amma duk wanda ya taɓa jin ɗanyen waƙa kafin ta shiga hannun mai kiɗa ya san amsar ba ta gamsar sosai.

Miranda dai bai yi rowar yabo ba, ya sha ambaton Lacamoire a bainar jama'a, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka san sunansa. Sai dai sana'ar da saninta ya dogara ga karamcin marubuci tana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya.

Ramin na ƙara tsukewa

Akwai wata barazana da ta fi ta suna, ita ce ta yawan makaɗa. Kowane makaɗi albashi ne duk mako, masu zuba jari kuma sun daɗe da sanin cewa kwamfuta na iya kwaikwayon goge da ƙaho.

A watan Maris na 2003 makaɗan Broadway sun tafi yajin aiki na kwana huɗu saboda yunƙurin rage mafi ƙarancin adadin makaɗan da dole kowane gidan wasa ya ɗauka. 'Yan wasa da ma'aikatan dandali suka mara musu baya, aka rufe kusan dukkan wasannin waƙa. An sasanta, amma adadin a manyan gidaje ya sauko daga 24 zuwa 26 ya koma 18 ko 19. A Landan, da aka sake buɗe "The Phantom of the Opera" a 2021 bayan annobar korona, makaɗansa 27 sun koma 14. A 2023 masu wasan "Here Lies Love" sun so shiga Broadway da kiɗan da aka naɗa kawai, sai da ƙungiyar makaɗa ta tayar da jijiyar wuya aka amince da mutum 12.

A nan ne matsayin Lacamoire ke da sarƙaƙiya. Ya nuna cewa mutum goma, da taimakon na'ura, za su iya cika zaure har a ci kyauta. Wannan gwaninta ce. Amma kuma hujja ce a hannun duk mai son rage kashe kuɗi: idan goma sun ishi "Hamilton", me ya sa wani zai nemi 25? Amsar ita ce an zaɓi goman ne domin irin sautin da labarin ke buƙata. Wasan da aka rubuta domin babbar ƙungiya, idan aka matse shi, ana jin ramar.

Shi ma ya samu damar nuna hakan. A watan Maris na 2023 aka sake ɗora "Sweeney Todd" na Sondheim a Broadway, Kail na bayar da umarni, Josh Groban na jan wasan, Lacamoire na kula da kiɗa. Wasa ne na 1979, kuma a maimaicin da aka yi masa a 2005 'yan wasa goma ne suka riƙa buga kayan kiɗan da kansu a kan dandali, babu kowa a rami. A wannan karon Lacamoire bai sake rarraba kiɗan ba. An ɗauko ainihin rubutun da Tunick ya yi shekara 44 da suka wuce, aka zuba makaɗa 26, aka kuma sa wannan adadi a cikin tallar wasan. An ci gaba da nuna shi har zuwa watan Mayun 2024.